Ina ƙuri'un Jeanine Mabunda suka tafi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar 1 ga Afrilun 2024 da shugaban ƙasa Félix Tshisekedi ya naɗa Judith Suminwa firaministar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake ta yayata mace ta farko, mace ta farko, sai ka ce ba a taɓa ganin kallabi a saman mulkin ƙasar ba. An manta da Jeanine Mabunda ke nan. Ranar 24 ga Afrilun 2019 'yan majalisar dokokin ƙasar suka zaɓe ta shugabarsu da ƙuri'a 375. Ranar 10 ga Disambar 2020 majalisar nan dai, mutanen nan dai, suka sauke ta da ƙuri'a 281, masu goyon bayanta 200. Wata goma sha tara da 'yan kwanaki, kuma ba a yi wani zaɓe a tsakani ba. To masana, ina ƙuri'un suka tafi? Ita ce ta yi ɓarna, ko don tana mace ne, ko faɗan wasu ne ya rutsa da ita?

Malam Na-Damagaram:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga lissafi bari a san wadda ake magana a kanta, don wasu sun ɗauka daga sama aka jefo ta. A Kinshasa aka haife ta a 1964, amma asalin gidansu Bumba ne, gari a bakin kogin Kwango da ya yi suna wajen noman shinkafa. Da can yana cikin tsohon lardin Ekwato. Da aka mayar da larduna 11 zuwa 26 a 2015 sai ya faɗa lardin Mongala, mai hedikwata a Lisala, mahaifar Mobutu. A Beljiyam ta yi karatu, shari'a a jami'ar Katolika ta Louvain, kasuwanci kuma a Brussels. Ta yi aiki a Citibank, ta zama mai ba gwamnan babban bankin ƙasa shawara, sannan aka ba ta shugabancin asusun bunƙasa masana'antu, FPI. A 2007 ta shiga gwamnatin firaminista Antoine Gizenga, aka ba ta ma'aikatar da ke kula da hannayen jarin gwamnati, ta ci gaba da riƙe ta a ƙarƙashin Adolphe Muzito har 2012. Kujerar majalisa kuwa a zaɓen 2011 ta ci ta Bumba a PPRD, jam'iyyar shugaban ƙasa na lokacin, Joseph Kabila, ta sake ci a 2018.

A lura da wannan: ta ƙofar ofis ta shigo siyasa, ba ta filin gangami ba. Sai da ta shekara huɗu tana minista sannan ta zama 'yar majalisa.

Malama Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, ɗan gyara ga Baban Ummi. Ko Mabunda ɗin ba ita ta buɗe hanya ba. Sophie Kanza ta shiga gwamnatin Mobutu tun 1966 a ɓangaren walwalar jama'a, tana da shekara 26. Sannan a majalisar riƙon ƙwarya ta naɗe-naɗe da Laurent-Désiré Kabila ya kafa, Philomène Omatuku ta riƙe shugabancin na ɗan lokaci a 2003. Abin da ya bambanta Mabunda shi ne zaɓaɓɓiyar majalisa ce ta zaɓe ta.

Barista Ɗan-Zazzau:
Baban Ummi, amsar tambayarka tana cikin sakamakon zaɓen 30 ga Disambar 2018, kafin ma matar ta hau kujera. Majalisar kujeru 500 gare ta. Hukumar zaɓe ta ce Félix Tshisekedi ne ya ci shugaban ƙasa, sakamakon da Martin Fayulu bai taɓa yarda da shi ba har yau. Amma a majalisa ƙawancen Kabila, FCC, ya kwashe sama da kujeru 300, na Tshisekedi da Vital Kamerhe, wato CACH, bai wuce wajen hamsin ba. Sashe na 78 na kundin tsarin mulkin 2006 kuma ya ce daga cikin masu rinjaye a majalisa shugaban ƙasa zai naɗa firaminista. Ga ka da fada, ga wani da majalisa. Shi ya sa aka rantsar da shi 24 ga Janairun 2019, bai samu firaminista ba sai 20 ga Mayu, Sylvestre Ilunga, ministoci kuma sai ƙarshen Agusta: 42 na FCC, 23 na CACH.

To ƙuri'a 375 ɗin nan ba tata ba ce. Kabila ne ya nuna ta, shi da suke kira autorité morale, uban tafiya. Henri-Thomas Lokondo ya so karawa da ita, aka soke takararsa, 'yan adawa suka ƙaurace wa zaman. Ita kaɗai ce a takardar ƙuri'a. FCC ta jefa mata, CACH ta jefa mata bisa yarjejeniyar a ba Jean-Marc Kabund na UDPS, jam'iyyar Tshisekedi, mataimaki na ɗaya. Aro aka ba ta, ranar da masu kaya suka watse kowa ya karɓe nasa.

Sai kuma a gane mene ne FCC. Ba jam'iyya ba ce. A Disambar 2017 aka gyara dokar zaɓe, aka ce sai jerin sunayenku ya sami kashi 1 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya kafin a raba kujeru da ku. Ƙananan jam'iyyu suka ga za a bar su a tasha, sai suka dunƙule gungu-gungu, kowane gungu da ubangidansa. FCC tarin waɗannan gungun ne, abin da ya ɗaure su kuwa igiyar mulki ce kawai. Bangon ya fara tsagewa tun Yulin 2019, lokacin da Modeste Bahati Lukwebo ya ƙi janye wa Alexis Thambwe Mwamba takarar shugabancin majalisar dattawa. Aka kore shi daga FCC, ya kuma sha kaye 65 da 43. Ku riƙe sunansa.

Hajiya Ta-Maraɗi:
Barista, mu a Nijar mun san wannan zaman doya da manja. A 1995 Mahamane Ousmane yana fada, Hama Amadou firaminista, Mahamadou Issoufou yana shugabancin majalisa. Takarda ba ta wucewa, taron ministoci ba ya zama lafiya, har Bare ya kifar da su duka ranar 27 ga Janairun 1996. Tsarin da aka gado daga Faransa haka yake: in rinjaye ya rabu da fada, shugaban majalisa ne ke zama garkuwar ɓangarensa. Kowace kibiya a kansa take sauka.

Mai Lissafi:
Ku ba ni dama in koma baya kaɗan, don ba a auna ta da wata goma sha tara kawai alhali ta yi shekara biyar a ma'aikatar da ta fi kowace maiƙo. Can suna kiranta Portefeuille. Ita ce mai riƙe wa gwamnati hannun jarinta a Gécamines mai haƙar jan ƙarfe da kobalt, da SNEL ta lantarki, da REGIDESO ta ruwa, da SNCC ta jirgin ƙasa, da ONATRA ta tashoshin jiragen ruwa. A zamaninta aka sa hannu kan dokoki huɗu ranar 7 ga Yulin 2008, dokokin zartarwa suka biyo baya a Afrilun 2009, Bankin Duniya yana tallafawa. An kasa kamfanonin kashi-kashi: masu iya neman riba, wajen guda ashirin, su koma kamfanonin kasuwanci da gwamnati ce kaɗai mai jari a cikinsu, wasu su zama hukumomi, wasu su koma sashen ma'aikata, matattu a rushe su.

A takarda abin ya yi kyau. Inda aka samu cikas shi ne, kafin ka mayar da kamfani na kasuwanci sai ka san abin da ya mallaka da abin da ake bin sa. Waɗannan kuwa bashi ya yi musu katutu, kuma bashin a sarƙe yake: ma'aikatun gwamnati ba sa biyan kuɗin wuta da ruwa, SNEL na bin kamfanin ruwa, ma'aikatan jirgin ƙasa suna bin albashin watanni da yawa, tsofaffi sun kai shekarun ritaya ba kuɗin sallama. An canja suna da takardar rajista, ba a zuba sabon jari ba. Riga sabuwa, jiki na nan da ƙurajensa.

Na biyu ya fi ciwo. Masu suka suna cewa sabon matsayin ya ba shugabannin Gécamines damar sayar da kasonsu a ma'adinai suna fakewa da cewa harkar kasuwanci ce ta cikin gida. Kwamitin da Kofi Annan ya jagoranta ya ƙiyasta a 2013 cewa a ciniki biyar kacal tsakanin 2010 da 2012 Kwango ta yi asarar aƙalla dala biliyan 1.36, saboda an sayar ƙasa da daraja ga kamfanonin ƙetare masu alaƙa da ɗan kasuwar Isra'ila Dan Gertler. A ƙarshen 2012 asusun IMF ya tsayar da shirinsa da ƙasar kan ƙin bayyana takardun wani ciniki irin wannan.

Malam Na-Damagaram:
Mai Lissafi, a yi adalci dai. Duk wanda ya san Kwango ta lokacin ya san cinikin ma'adinai ba a teburin minista ake yanke shi ba, a kusa da fada ake yi, musamman ta hannun Augustin Katumba Mwanke, na hannun daman Kabila, kafin ya mutu a haɗarin jirgi a Bukavu a Fabrairun 2012.

Mai Lissafi:
Ranka ya daɗe, ban ce ta ci ko sisi ba, kuma ba ni da hujjar faɗin haka. Cewa na yi ita ce mai tsaron rumbu a lokacin da hatsi ya zube. Ko ba a shawarce ta ba, ko an shawarce ta ta yi shiru, ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Kuma yana da alaƙa da tambayar Baban Ummi: aikin da ta saba shi ne aiwatar da abin da aka yanke a sama, da ƙwarewa da iya magana da Turawa. Riƙe 'yan majalisa 500, kowa da buƙatar mazaɓarsa da ta aljihunsa, wata sana'a ce daban.

Barista Ɗan-Zazzau:
To bari a jero 2020, don faɗuwar ba a rana ɗaya ta zo ba.

Janairu. Tshisekedi yana Landan, ya gaya wa 'yan ƙasarsa mazauna can cewa in an ci gaba da yi masa ƙafar ungulu zai rusa majalisa. Cikin 'yan kwanaki Mabunda ta mayar da martani a gaban 'yan jarida, ta karanto masa sashe na 148, ta kuma tuna cewa wanda ya karya tsarin mulki da gangan yana iya fuskantar tuhumar cin amanar ƙasa a sashe na 165. A fannin doka tana da gaskiya. Sashe na 148 ya ce sai in akwai rikicin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanin gwamnati da majalisa, ba tsakanin shugaban ƙasa da majalisa ba. Gwamnatin Ilunga kuwa ta FCC ce, lafiya lau suke da majalisa. Sashen ya kuma ce a shawarci firaminista da shugabannin majalisun biyu, a yi sabon zaɓe cikin kwana 60. Amma a fannin siyasa, daga ranar magoya bayan UDPS suka sa mata alama.

Mayu. Tun a Afrilu Kabund ya fito ya soki shirin haɗa majalisun biyu kan dokar ta-ɓacin korona, ya ce zaman zai ci dala miliyan 7. Wani ɗan majalisa na jam'iyyar adawa ta MLC, Jean-Jacques Mamba, ya nemi ya kawo hujja, daga baya ya shigar da takardar koke. Ranar 25 ga Mayu aka tsige Kabund da ƙuri'a 289. Nan ne babban kuskuren FCC a ganina. Sun nuna wa kowa cewa takardar koke da ƙuri'ar sirri sun isa su cire mutum daga kan mumbari. Wuƙar da suka wasa ke nan.

Yuni. Aubin Minaku da Garry Sakata, 'yan majalisar FCC, suka kawo ƙudurori uku da za su ƙara wa ministan shari'a, ɗan FCC, iko a kan masu gabatar da ƙara. Matasan UDPS da 'yan acaɓa suka kewaye ginin majalisa kwana biyu, aka farfasa gidajen wasu jiga-jigan FCC.

Yuli. Majalisa ta amince da Ronsard Malonda ya shugabanci hukumar zaɓe CENI. Shi ne babban sakataren hukumar a zaɓen 2018 da ake ta jayayya a kansa, cocin Katolika da babbar ƙungiyar Furotesta kuma sun ce ba da yawunsu aka miƙa sunansa ba. Zanga-zanga ta ɓarke, aka rasa rayuka, Tshisekedi ya ƙi sa hannu. Wannan ya haɗa mata UDPS da ƙawancen 'yan adawa na Lamuka da coci a layi guda, mutanen da ba sa ga-maciji da juna.

Baban Ummi:
Barista, ai duk wannan FCC ce ke kai hari. Yaushe reshe ya juye da mujiya?

Barista Ɗan-Zazzau:
A watan nan na Yuli, ranar 17. Kotun tsarin mulki alƙalai tara gare ta: uku shugaban ƙasa ke zaɓa, uku majalisun dokoki, uku majalisar ƙoli ta alƙalai. Shugabanta Benoît Lwamba ya ajiye aiki, aka ɗauke wasu biyu aka kai su kotun ƙoli ta ɗaukaka ƙara ba da son ransu ba, Tshisekedi ya naɗa sababbi uku. Takardun suna buƙatar sa hannun firaminista, sai aka jira Ilunga ya tafi Lubumbashi, mataimakinsa mai kula da cikin gida, Gilbert Kankonde na UDPS, ya sa hannu. FCC ta ce haramun ne. Ranar 21 ga Oktoba aka rantsar da su a Palais du Peuple, ginin majalisar kansa. Mabunda ba ta zo ba, Thambwe bai zo ba, Ilunga bai zo ba. Aka yi rantsuwa ba su, magoya bayan UDPS suna ta shewa a zauren.

Duk ɗan majalisar da ke da ido ya karanta saƙon ranar. An yi abu a cikin gidanku kun ƙaurace, kuma ba abin da ya faru. Sojoji ba su motsa ba, kotu ta koma hannun wancan. Kan mage ya waye.

Daga nan Tshisekedi ya yi tuntuɓa a watan Nuwamba, jagororin adawa Moïse Katumbi da Jean-Pierre Bemba suka amsa gayyata. Ranar 5 ga Disamba aka kai takardun koke a kan shugabannin majalisa da sa hannun sama da mutum 250. Ranar 6 ya sanar da mutuwar ƙawance da FCC. Ranar 7 'yan majalisa da kwat da nakatayal suka hau mumbari suna kifar da tebura, suna karya kujeru, don kada Mabunda ta jagoranci zama. Ranar 8 aka yi ta jifa a harabar ginin tsakanin ɓangarorin biyu, har da jini, sai da 'yan sanda suka shiga.

Dabarar doka kuwa ita ce: wanda ake ƙara ba zai yi alƙalancin kansa ba. Tunda koken ya shafi shugabannin duka, sai aka kafa shugabancin wucin gadi na shekaru, wato mafi tsufa a majalisa da mafi ƙuruciya biyu. Mafi tsufan shi ne Christophe Mboso, mai shekara 78, tsohon ministan Mobutu, kuma a inuwar FCC ya shigo majalisar. Ɗaya daga cikin yaran biyu mace ce, Aminata Namasia. Da guduma ta bar hannun Mabunda ta koma hannun Mboso, magana ta ƙare. Ranar 10 aka yi ƙuri'ar sirri. Ka cire 200 daga sama da 300, ka ga aƙalla mutum ɗari na gidanta ne suka juya mata baya a bayan labule. FCC ta ce saye aka yi da daloli, wancan ɓangaren ya musa.

Malama Hadiza:
Barista ya yi bayani kamar kasancewarta mace ba ta da wani tasiri, ni kuma ban yarda ba. Me ya sa da ita aka fara? Shugabanni uku FCC ke da su a saman hukumomi, biyu maza. Aka zaɓi wadda ba ta da gungun kanta, ba ta da matasa masu fita titi dominta, ba ta da wani janar a bayanta. Kuma duk wanda ya bibiyi shafukan sada zumunta na Kwango a 2020 ya ga irin zagin da aka yi mata, wanda bai tsaya kan aikinta ba. Mun ga makamancinsa a Najeriya: Patricia Etteh ta hau a Yunin 2007, ƙarshen Oktoba ta sauka kan batun naira miliyan 628 na gyaran gida. Maza nawa ne aka zarga da abin da ya fi haka suka ƙarasa wa'adinsu?

Barista Ɗan-Zazzau:
Malama, zagin gaskiya ne, ban musa ba. Amma jerin faɗuwar doka ce ta tsara shi, ba jinsi ba. Majalisar wakilai ce kaɗai ke iya kayar da gwamnati, shugabanta kuma shi ke sa batu a jadawali. Muddin Mabunda na riƙe da guduma, ƙuri'ar yanke ƙauna ga Ilunga ba za ta ga hasken rana ba. Dole da ita za a fara, ko da gemu gare ta har ƙirji. Dubi abin da ya biyo baya. Aka naɗa Bahati, wanda FCC ta kora, ya nemo sabon rinjaye kamar yadda sashe na 78 ya tanada, kwana 30 da za a iya sabuntawa sau ɗaya. Ya dawo da sunaye 391. Ranar 27 ga Janairun 2021 aka kayar da Ilunga da ƙuri'a 367. Ranar 3 ga Fabrairu Mboso ya zama cikakken shugaba, ranar 5 Thambwe ya yi murabus, ranar 15 aka naɗa Sama Lukonde. Mazan ba su kai wata biyu a bayanta ba.

Akwai kuma ƙullin da kotun nan ta kwance a tsakiyar Janairu. Sashe na 110 ya ce wanda ya bar jam'iyyarsa da gangan ya bar kujerarsa, dokar cikin gida ta majalisa kuma ta ɗaure kowa ga ɓangaren da aka bayyana tun farkon wa'adi. Kotu ta jingina da sashe na 101, mai cewa ba a tilasta wa ɗan majalisa yadda zai yi wakilci, ta buɗe ƙofa kowa ya sake bayyana inda yake. Kana nan a jam'iyyarka a takarda, ƙafarka tana Union sacrée, sabon ƙawancen Tshisekedi. Yanzu ka ga amfanin alƙalai ukun nan.

Hajiya Ta-Maraɗi:
Ku biyun duka kuna da gaskiya, amma ni inda nake ganin jinsi ya shigo ya riga 2020. Sashe na 14 na tsarin mulkinsu ya yi alkawarin daidaito tsakanin maza da mata a hukumomi. Sai dokar zaɓe ta zo a sashe na 13 ta ce a yi la'akari da mata a jerin 'yan takara, amma rashin yin hakan ba ya soke jerin. An ba ka da dama an karɓe da hagu. Sakamakon 2018: mata kusan kashi 10 cikin ɗari. Mabunda tana shugabantar zauren da tara cikin goma maza ne, su kuma matan kowace tana bin ubangidan gungunta.

A 2022 aka gyara, aka ce jerin da rabinsa mata ne an yafe masa kuɗin takara. Zaɓen 2023 bai kai su ko kashi 15 ba. Dalili a fili yake ga wanda ya san takardar ƙuri'arsu. Mai zaɓe mutum ɗaya yake dangwala wa a cikin jerin, kujerar da jam'iyya ta samu kuma tana zuwa ga wanda ya fi ƙuri'a a cikinsu. Saboda haka jam'iyya tana iya cika jerin da sunayen mata don ta tsira da kuɗinta, kuɗin kamfe da motoci da riguna kuwa su tafi ga namiji ɗaya. A Nijar dokar 2000 a kan waɗanda aka zaɓa ta ɗora kason, ba a kan 'yan takara ba: kashi 10 da farko, 15 a 2014, 25 a 2019. In ba ka cika ba, sakamakonka ba ya wucewa. Bambancin ke nan.

Malama Hadiza:
Hajiya kin gama magana. Kuma kada a manta sai a Yulin 2016 aka gyara dokar iyali aka cire sharaɗin cewa matar aure sai da izinin miji za ta sa hannu a kan yarjejeniya. Wato duk shekarun da matar nan ke kula da dukiyar ƙasa ta biliyoyi, wannan sharaɗi yana nan a littafin doka.

Malam Na-Damagaram:
Akwai aikin da ba a taɓo ba, wanda shi ya sa duniya ta san ta. A Yulin 2014 Kabila ya naɗa ta wakiliyarsa ta musamman kan yaƙi da fyaɗe da sa yara aikin soja. A duba lokacin. A Nuwambar 2012, bayan ƙungiyar tawaye ta M23 ta kama Goma, sojojin gwamnati da suka gudo suka auka wa mata sama da ɗari a Minova. Aka gurfanar da 39 a kotun soja, hukunci ya fito a Mayun 2014, biyu kacal aka samu da laifin fyaɗe, kuma kotun ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta. Duniya ta yi caa. Wata biyu bayan nan aka buɗe mata ofis.

Abin da za a iya ƙirgawa a zamaninta: a Nuwambar 2014 aka ɗaure Janar Jérôme Kakwavu shekara 10, janar na farko da aka hukunta kan irin wannan laifi. A 2015 kwamandoji suka sa hannu kan alkawarin hukunta yaransu. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire sojan Kwango daga jerin masu ɗaukar yara aikin soja. A Disambar shekarar kotun soja ta yanke wa ɗan majalisar lardi Frédéric Batumike ɗaurin rai da rai kan fyaɗen ƙananan yara a Kavumu.

Mai Lissafi:
Malam, a ƙara da abin da ba a ƙirga ba. An cire su daga jerin masu ɗaukar yara, amma an bar su a jerin masu cin zarafin mata. Shirin hana ɗaukar yaran kuma tun Oktobar 2012 aka sa masa hannu, kafin zuwanta. Shari'ar Kavumu ƙungiyoyi masu zaman kansu da likitocin asibitin Panzi ne suka yi wahalar tattara shaida. Sannan babbar matsalar da ta gagara: kotu takan yanke diyya ta ce gwamnati ta biya tare da mai laifi, amma kafin mace ta karɓa sai ta bi matakai masu cin kuɗi, daga fitar da kwafin hukunci har bin sawu a Kinshasa, ita kuwa tana ƙauye a Kivu. Mafi yawansu takarda kawai suka riƙe. Masu suka sun ce ofishin ya fi ƙarfi wajen wanke sunan ƙasa a Niyok da Janeba.

Malam Na-Damagaram:
Wanke suna yana ciki, ba shakka. Amma gwamnatin da a da take musun abin gaba ɗaya, ta zo ta buɗe masa ofis a fadar shugaban ƙasa, mai gabatar da ƙara na soja ya san akwai wanda zai buga masa waya. Ni ban raina wannan ba.

Baban Ummi:
To na ji. In na fahimce ku, ko wane ne a kujerar ranar 10 ga Disamba sai ya sauka. Amma da ta sassauta a kan Kabund da Malonda, ba ta tsira ba?

Barista Ɗan-Zazzau:
Da ta sassauta, da FCC ce za ta cire ta da kanta. Akwai misali a gabanta. A 2009 Vital Kamerhe yana kan wannan kujera a jam'iyyar Kabila, ya soki shigowar sojojin Ruwanda gabashin ƙasar ba tare da an sanar da majalisa ba, a watan Maris aka tilasta masa murabus. Gaba kura baya sayaki. Inda nake ganin tana da zaɓi shi ne cikin gida: koken ya zarge ta da rufa-rufa a kuɗin majalisa da nuna ɓangaranci wajen ba da damar magana, kuma ƙananan 'yan FCC sun daɗe suna gunagunin cewa manyan PPRD sun cinye muƙamai sun bar su da tafi. Wanda aka bari da yunwa shi ya fi saurin jin ƙanshin tukunyar maƙwabci. Da an kula da su, wataƙila tazarar ba ta kai 81 ba.

Hajiya Ta-Maraɗi:
Kabund da ya dawo kujerarsa da ƙafar dama a Fabrairun 2021, a 2022 ya ɓata da Tshisekedi, ya rasa muƙamin, aka kore shi daga UDPS, a 2023 aka yanke masa shekara bakwai. Kamerhe ya koma shugabancin majalisar a Mayun 2024, a Satumbar 2025 'yan Union sacrée ɗin nan suka tara masa sa hannu a takardar koke, ya ajiye kafin a kai ga ƙuri'a.

Malama Hadiza:
Shi ya ajiye ya koma kujerarsa ta ɗan majalisa da jam'iyyarsa UNC a aljihu, gobe ma sai an zauna da shi. Ita da ta sauka me ta riƙe? Barista, wannan ce tambayar da har yanzu ba ka amsa mini ba.